Muƙamuƙin Mai Dafa Shinkafa

Abin da Bu Lastri ta fara tambaya, da labarin haɗarin ya iso gidanta, shi ne ko tukunyar ta lotsa. Ina wurin, a tsakar gidanta, ina kankare kwakwa tare da matan unguwa, don haka babu mai ce min ƙazafi nake yi mata. Bayan tukunya ta tambayi mijinta. Yu Wagirah, yayar mijin, ita ce ta zo ta uku.

Tukunyar kuwa ba ta lotsa ba. Dandang ce, doguwar nan ta jan ƙarfe da muke turara shinkafar biki a ciki a nan Jawa, an aro ta daga ƙauyen da ke gaba da namu. Mijin Bu Lastri, Pak Warsito, shi ne ke tuƙa babur, hular kwano ɗaya tak da ke gidan tana kansa, yayarsa Wagirah tana baya rungume da tukunya. A kwanar gonar rake wata motar yashi ta zubar da tsakuwa, taya ta zame. Kowa idan zai faɗi hannu yake fara kaiwa ƙasa. Ita ba ta saki tukunyar mutane ba, da fuska ta sauka a kan kwalta.

Shi gwiwar hannu kawai ya goge. Har yau yana naɗe riga ya nuna wa mutane tabon.

Ni ce Sarmi, shingen gora ne kaɗai tsakanin bayan gidana da ɗakin Wagirah, wanda yake jingine da madafar ƙaninta. Ba ta taɓa aure ba. Uwarsu ta rasu Warsito yana goye, ita ce ta riƙa tauna shinkafa da ayaba tana ɗura masa a baki har ya yi haƙora. 'Yarsa Kinanti ma a bayanta ta girma, kuma bikin Kinantin ne ake shiri.

Na same su a babban asibitin gari da hantsi. Wallahi da ba don zanen batik ɗinta ba da ban gane ta ba. Fuskar ta kumbura, ido ɗaya ya rufe, baki ya karkace, jini da miyau suna bin haɓa. Likitar, wata siririyar mace mai tabarau, ta ɗaga hoton ƙashi ta nuna mana.

"Muƙamuƙin ƙasa ya karye wuri biyu, nan kusa da haɓa, da nan gindin kunne. Ƙashin kunci ma ya burma. Amma ku kwantar da hankali, aikinmu ne na kullum. Ta cikin baki za mu shiga, mu mayar da ƙashi wurinsa, mu ɗaure da 'yan ƙananan ƙarafa da sukurori. Ko tabo ba za a gani a fuska ba. Nan da wata biyu za ta ci gasasshen nama."

"Nawa ne?" in ji Warsito.

"Katinta na gwamnati ya ɗauke komai, Pak. Abin da muke so shi ne wanda zai zauna da ita. Kumburi zai sauka, Talata mu shiga da ita. Amma ku ji ni da kyau, ƙashin fuska ba ya jira. In aka wuce mako biyu zai fara haɗewa yadda ya ga dama, kuma wannan karayar ta ratsa ta gindin haƙori, ƙazanta tana da hanyar shiga."

Na ce ni zan zauna da ita. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai na ga Warsito yana lissafi da yatsu, leɓensa yana motsi.

"Talata... Talata Kliwon ke nan a lissafin kwanakinmu na gargajiya. A'a, Bu Likita. Ranar da mahaifinmu ya rasu ce. Ba a sa wa ɗan gidanmu wuƙa a wannan rana."

Likitar 'yar Jawa ce kamar mu, ta san ba a jayayya da ranar rasuwar uba. Ta duba allonta ta ce, "To Juma'a."

"Juma'a ake hura wuta," in ji shi, yana kallon ƙasa.

A wajenmu shinkafar biki hannu ɗaya ke dafa ta. Wadda ta hura wutar farko da bismillah ita ce za ta zauna a gindin murhu har baƙon ƙarshe ya tafi. Ana cewa in aka canza hannu shinkafa takan ƙi nuna, ko ta ƙare baƙi suna zaune, kuma auren da aka fara da haka ba ya albarka. Duk yankinmu an yi ittifaƙi babu mai sanyin hannu kamar Wagirah. Bu Lastri ta riga ta baza wa dangin ango cewa ita ce za ta dafa.

"Pak Warsito," na ce, "ka ji tsoron Allah. Mata nawa ne a garin nan suka iya turara shinkafa?"

"Yu Sarmi, wannan magana ce ta cikin gida."

Ya sunkuya kan gadon, ya kama hannunta, muryarsa ta yi laushi kamar ta ƙaramin yaro. "Yaya, ke kika ce ba za ki mutu ba sai kin dafa shinkafar Kinanti. 'Yan kwanaki ne. Ana sauke rumfa da kaina zan dawo da ke." Hawaye ya gangaro daga idon da ke buɗe. Ta gyaɗa kai. Likita ta yi magana har ta gaji, ta rubuta magani, ta naɗe mata kai da bandeji daga haɓa zuwa tsakar ka, ta karɓi lambar wayar Warsito. Shi ya sa hannu a takardar fita.

Da muka iso gida Bu Lastri ta tare mu da salati da dafe ƙirji. Ta leƙa fuskar, ta yi baya da sauri.

"Wayyo Yaya, sannu! Amma alhamdulillahi, hannuwan lafiya lau."

Na ce mata wuri uku ƙashi ya karye.

"Yo Yu Sarmi, likitocin nan ba ki san su ba? Ko ƙaya ce ta soke ka sai su ce tiyata. A sa wa tsohuwa ƙarfe a baki, ta yi yaya da shi ranar da za a binne ta? Ga Mbah Jayus maɗori nan, ƙafar direban nan da mota ta taka shi ya ɗora, ga shi yana buga ƙwallo."

Washegari aka kawo Mbah Jayus maɗori. Ba zan zalunce shi ba, a ƙafa da hannu ya san aikinsa. Shi kansa da ya taɓa fuskar sai da ya ce, "Wannan na asibiti ne." Bu Lastri ta ja shi gefe, aka kawo masa kofi da taba, aka yi ƙus-ƙus. Ya dawo ya warware bandejin likita, ya shafa man kwakwa da ya yi wa tofi, ya zura manyan yatsunsa biyu a bakinta ya danna. Ƙarar da Wagirah ta yi har kaji suka watse. Ni na riƙe mata ƙafafu ban san lokacin da na zage shi ba. Ya ɗaure mata haɓa da tsumma ya ce kada ta ci ƙwai, kada ta ci kifi, kada ta sha madara, suna sa rauni ya yi ruwa.

To me ya rage mata? Ruwan da ake tacewa daga shinkafa, da ɗan sukari. Shi take zuƙa da tsinken shan lemo ta gefen baki, rabi ya shiga, rabi ya bi wuya. Nakan dama mata kunun wake da ƙwai a ɓoye in miƙa ta saman shinge. Maganin likita ƙwayoyi ne manya, ba ta iya haɗiya, sai na daka mata a turmi. Da Bu Lastri ta gani ta kwashe su ta ce ba a haɗa maganin asibiti da na Mbah, suna faɗa a jiki.

Kumburi ya sauka, sai ɓarnar ta fito fili. Haƙoranta na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, haɓar ta zame gefe. Leɓen ƙasa ya mutu, ko tsunkulinsa ka yi ba ta ji, miyau yana zuba ba ta sani ba. Kullum da safe nakan ce ta buɗe baki in gwada da yatsu, yadda na ga likita ta yi. Yatsu biyu ne suke shiga, da ƙyar.

"Yu," na ce mata ran Laraba, "surukina yana da a-kori-kura. Yanzun nan sai mu tafi, babu wanda zai sani sai kin kwanta a gado."

Maganarta ta koma gunguni, amma ni ina ganewa. Ta ce, "In na tafi, in dawo ina?"

"Ki dawo gidana."

Kafin ta amsa sai ga Kinanti ta shigo, da ƙamshin lulur da ake murza wa amare a jiki. Yarinya ce mai hankali, na rantse, ba muguwa ba ce. Ta durƙusa ta sa kai a cinyar Wagirah ta fashe da kuka.

"Gwaggo, Mama ta ce wai za ki tafi asibiti. In shinkafa ta ƙi nuna a gaban dangin angona Mas Bagas, da wane ido zan kalle su? Kin san uwarsa. Ki daure min, Gwaggo, don Allah. Ana gamawa ni da kaina zan yi jinyarki."

Wagirah ta riƙa shafa mata kai. Ta ɗago ta dube ni da idon nan nata, na san na sha kaye. Na fita ina ƙunƙuni, na bar musu ɗakin.

Ran Juma'a da asuba ta hura wuta. Bu Lastri ta kawo mata takunkumi sabo fil, mai furanni.

"Ki sa wannan, Yaya, saboda hayaƙi." Da ta juya sai ta raɗa wa ƙanwarta, ina ji, "Kada baƙi su leƙo su kasa cin abinci."

Duk wanda ya taɓa zama gaban dandang uku a kan itace ya san irin zafin. Mu masu lafiya mukan fita mu sha iska. Ita dokar ta hana ta matsawa, ban da salla da kewayawa. Ta wanke, ta turara, ta juye a faifai, ta fifita, ta sake zubawa. Tana murza ƙwayar shinkafa tsakanin yatsu ta san ko ta yi. Takunkumin yakan jiƙe sharkaf, in canza mata wani. Ran Asabar da na cire shi sai wani wari ya buge ni. Ƙasan haɓarta ya yi ja, ya yi tauri, jikinta kamar garwashi.

Na sami Warsito a rumfa yana nuna wa masu lasifika inda za su kafa.

"Yayarka ta fara ruɓewa."

"Haba Yu Sarmi, wace irin magana ce wannan ana biki? Zafin wuta ne."

"Asibiti ba su kira ka ba?"

"Babu wanda ya kira ni." Ya juya ya ci gaba da faɗa a kan igiyar wuta.

Biki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Baƙi sun fi dubu. An ci shinkafa da miyar naman sa, da soyayyar kaza, da tempe, wato wainar waken soya, mai barkono, kowa ya tafi da ƙunshi. Shinkafa fara sol, wara-wara, ba ta ƙare ba, ba ta caɓe ba. Da aka zo wurin da amarya da ango suke durƙusawa gaban manya su nemi albarka, an jera kujeru, na leƙa ko akwai ta Wagirah. An ba wani kawun Bu Lastri da ya zo daga Surabaya, wanda ko sunan amarya sai da aka tuna masa. Mai hoto ya ɗauki kowa har da direban ango. Wadda ta goyi amarya tana baya tana tura itace.

Ran Litinin ana sauke rumfa na tsaya a ƙofar gida da gyalena.

"To, mu tafi."

Bu Lastri ta yi wata 'yar dariya. "Af, ban gaya miki ba? Uwar ango ta ɗanɗana shinkafar, ta rantse babu mai dafa mata ta walimar karɓar amarya sai Yaya. Bayan kwana biyar ne. Yaya zan yi, in ce wa sabuwar suruka a'a? Kinanti ce fa za ta zauna a gidan."

"Lastri, ke kina da imani kuwa?"

"Ki iya bakinki, Yu Sarmi. Shekara nawa muna ci da ita, muna shayar da ita? Ko sau ɗaya mun taɓa gorantawa? Ai ta ji sauƙi ma, ba ki ga ta daina kuka ba?"

Ta daina kuka don buɗe baki ya gagara. Da na gwada a ranar, yatsa ɗaya da ɗan ƙari ne ya shiga.

Aka ɗora ta a bayan babur ɗin nan dai, aka kai ta gidan surukai. Ban je ba, ba a gayyace ni ba. Matan da suka je su suka ba ni labari. Ta dafa ta kwana ɗaya, ta dafa ta biyu, tana sauke tukunyar ƙarshe ta yanke jiki ta faɗi a gefen murhu. Bu Lastri ta ce wa mutane gajiya ce, iska ce ta shige ta. Aka kwantar da ita rub da ciki, aka kankare mata baya da kwabo da mai har ya yi jajayen layuka. Uwar ango ta yaba ƙwarai, ta ba ta zane ɗaya da sabulu.

Suka dawo da ita suka ajiye a ɗakinta. Warsito ya ce a bari ta huta ta yi ƙarfi tukuna, ba a kai mutum tiyata a galabaice. Sai ya ce a bari a mayar da kujerun haya. Sai kuma watan Suro, na farkon shekararmu, ya kama, ya ce kowa ya san ba a fara babban abu a Suro. Ƙurjin haɓarta ya fashe da kansa, mugunya tana bin wuya, ƙudaje suna bin ta. Bu Lastri ta ce alhamdulillahi, dattin ne yake fita.

Ranar da na leƙa na kira ta ba ta gane ni ba, ban nemi izinin kowa ba. Na kira surukina ya kawo mota har ƙofa. Bu Lastri ta fito tana cewa, "Wa ya ba ku iko?" Na ce ta matsa ko in bi ta kanta, kuma ta ga a idona da gaske nake.

Likitar nan ce dai. Ta cire takunkumin, ta shiga duba haɓar. Nas ɗin da ke gefenta ce ta kasa haƙuri.

"Sau nawa muka kira lambar da aka bari! Mai wayar ya ce ta warke, tana ma aiki."

Aka sake hoto. Likita ta zaunar da ni, ta yi magana a hankali.

"Bu, aikin da na ce muku na awa biyu ne, yanzu babu shi. Wajen haɓa ƙashin ya ruɓe, sai mun yanke mun zubar, da haƙoran da ke kansa. Wajen kunne ya haɗe a karkace, ya kama gaɓar. Sai mun kashe ciwon tukuna, sannan mu ɗebo ƙashi daga ƙugunta mu cike gurbin. Ta waje za mu yanka. Zan yi iya ƙoƙarina, amma ba zan yi muku alkawarin tauna ba."

Sau uku aka shiga da ita. Ta yi makonni haƙoranta a ɗaure da waya, almakashi yana rataye a kan gadonta saboda ko amai zai taso. Ni na kwana a tabarma a ƙarƙashin gadon. Warsito ya zo sau ɗaya da ledar lemo da ƙosan rogo mai ƙaras-ƙaras, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce wa likita, "Ƙaddara ce, Bu Likita, ba a guje mata." Kinanti ta aiko da saƙon murya tana kuka, ta ce uwar miji ba ta son ta shiga asibiti, don ana zaton ta samu ciki.

Likitar ta yi aiki, Allah ya saka mata. Ta ceci ranta, ta mayar mata da fuska irin ta mutane. Amma bakin ya tsaya a yatsa ɗaya. Leɓen bai dawo ba. Da aka sallame ta gidana na kawo ta, babu wanda ya zo ya ce don me.

Abin da yake ci min rai har yau shi ne babu wanda ya doke ta. Da duka ne da na san ofishin da zan kai ƙara. Babu wanda ya ɗaga mata murya, kowa "Yaya", kowa "Gwaggo", kowa da hawayensa. Ranar rasuwar uba ba ta hana Warsito zuwa ɗauko kujerun haya ba, na gan shi da idona a Talatar nan yana gudu da babur. Watan Suro bai hana Bu Lastri zuwa a cire mata haƙorin da ke damunta ba. Al'ada ba ta tashi tsayawa da ƙafafunta sai ta zo kan wadda ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da ɗakin da za ta kira nata. Irin su Wagirah suna nan a bayan madafar gidaje da yawa a garin nan. Ana yabon hannunsu a gaban baƙi, kuma hannun kaɗai ake so.

Bayan wata bakwai sai ga Warsito da yamma, ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarma. Bu Lastri tana waje a kan babur, ta ce sauri suke yi. Wagirah tana zaune tana tsince min wake.

"Yaya, kin yi kyau, wallahi. Kin ga da ma ba abin gaggawa ba ne, ga shi an yi aiki lafiya." Ya gyara murya. "Cikin Kinanti ya shiga wata bakwai, Lahadi za a yi walimar wankan ciki. Uwar mijinta ta ce hannun da ya dafa ta aure shi ya kamata ya dafa wannan, saboda lafiyar abin da ke cikin."

Na buɗe baki, Wagirah ta ɗaga min hannu. Ta ce in zubo mata shinkafa. Na yi mamaki, amma na zubo a faranti na kawo. Ta cire takunkumi. Tun haɗarin bai taɓa kallon fuskar sosai ba, yanzu babu inda zai kai idonsa: tabon da ya taso daga kunne zuwa haɓa, leɓen da ya saki, miyau. Ta ɗebi loma ta kai baki. Ta tura, ta tura, ƙwayoyi suna zubowa a cinyarta, ko cokali bai shige ba. Sai ta tura farantin gabansa.

"Tauna min."

"Na'am, Yaya?"

"Na tauna maka. Tauna min."

Ya dubi farantin, ya dubi bakinta. Na ga ƙyama ƙarara a fuskarsa. Ya yi wata dariyar yaƙe.

"Kai, Yaya, ke dai da wasa."

Bu Lastri ta danna hon. Ya miƙe yana karkaɗe wando. Har ya sa takalmi ya juyo ya ce, "To ƙarfe nawa zan turo a ɗauke ki?"

Ba ta je ba. Karo na farko ke nan a rayuwarta da ta ce wa gidan a'a, kuma ba ta ji daɗinsa ba. Ran Lahadi tun safe ta kasa zama, tana fita tana duban hayaƙin da ke tashi, tana jan carbi. Na san abin da take tsoro, kada wani abu ya sami cikin Kinanti a ce ita ce. Da la'asar ta matsa min sai na je na gano mata.

Na je. Wata yarinya suka ɗauko daga masu abincin haya na cikin gari, da wando da waya a kunne, tana dafawa a kan gas, tana barin tukunya ta je ta yi hira ta dawo. Da ta gaji ma wata ta karɓe ta. Na ɗebi shinkafar na murza, na sa a baki. Na so in sami abin kushewa, wallahi na so.

Na dawo na tarar da ita a bakin ƙofa tana jira. Tun daga nesa take duban fuskata.

"Ta nuna?"

Na yi niyyar yi mata ƙarya, in ce ta caɓe, in ce baƙi sun tashi da yunwa. Amma ba a yi wa Wagirah ƙarya a kan shinkafa.

"Ta nuna, Yu."

"Ta isa?"

"Har ta yi saura. Kowa ya tafi da ƙunshi."

Ta kai hannu ta shafa haɓarta, daga kunne har ƙasa, a hankali. Hawaye ya gangaro ya bi ta kan leɓen da ba ya ji, ba ta share ba.

"Ashe kowa ma zai iya," ta ce.

Na shiga ciki na kunna injin markaɗe, don lokacin kununta ya yi.